Ya Tsufa, Ka Nemi Sabo

Yayana, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a 2011, ya bar faifan CD guda a akwatin takardunsa, an rubuta "Littafi" a kansa. Duk gidan mun san yana rubuta labari, don yakan raba wa abokansa babi-babi, amma babu wanda ya taɓa ganinsa a haɗe. Shekara tara faifan yana kwance. Sai a ƙarshen 2020, da aka sa ranar auren 'yarsa ta fari, ta same ni bayan sallar isha'i ta ce, "Baffa, ni ba na son kwano ko atamfa daga wurinka. Labarin Abba nake so in tafi da shi ɗakina." Na ce mata an gama, tun kafin in san abin da na ɗauko wa kaina. Ranar saura kwana 19 biki.

Da na buɗe faifan sai na tarar da babi 14, amma duk wanda na taɓa tarkacen alamomi ne kawai yake fitowa. Mai karatun da ya yi zaman kafe a wajajen 2006 zai tuna yadda ƙ da ɗ da ɓ suke komawa 'yan akwatuna a yawancin kwamfutoci. Shi kuwa Yaya ya tsani ya ga an rubuta k' da d', cewa yake yi an yi wa harshe kaciyar dole. Da yake kwamfuta ya karanta, sai ya rubuta wata 'yar manhaja tasa da yaren C, wadda take matse rubutu a wani tsari da shi kaɗai ya san shi, sannan ta fitar da kowane shafi a matsayin hoto, ƙugiyoyi tsaf. Manhajar tana cikin faifan, sai dai ɗanya ce, wato rubutun umarni zalla, sai an harhaɗa ta kafin ta yi aiki. Ya bar takarda mai layi biyu: a buga ./configure, sannan a buga make.

Ni malamin lissafi ne, ɗan abin da na sani a wannan fanni a gefensa na tsinta. Abin da na fahimta shi ne, babu manhajar da take tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Ta Yaya ta dogara da wasu biyu da wasu mutane suka rubuta: FreeType, mai zana haruffa, da libpng, mai adana hoto. Aikin configure shi ne ya zagaya kwamfutarka tun kafin a fara gini, ya duba ko waɗannan madogara suna nan, a ina suke, kuma wane zubi ne. Irin wannan fayil galibi da Autoconf ake samar da shi, wanda David MacKenzie ya fara a 1991. Za ka ga layuka suna gangarowa a baƙin allo, kowanne yana tambaya yana ba kansa amsa, e ko a'a, har ya iso inda zai cije.

Na ari kwamfuta mai Ubuntu 20.04. Cijewar farko a kan libpng ce, wai babu. Na duba, ga ta nan zaune, da ita ma kwamfutar take buɗe hotuna! Ashe kashi biyu ake raba irin waɗannan kaya: wanda ake aiki da shi, da wanda ake gini da shi, mai ɗauke da fayil irin su png.h, wanda sunansa yake ƙarewa da -dev. Wannan bai ci mini minti goma ba.

FreeType ce ta kwana da ni. Configure na Yaya yana neman wani ɗan fayil mai suna freetype-config, wanda a zamaninsa shi ake tambaya. Masu FreeType kuwa tun zubi na 2.9.1, a 2018, suka daina girka shi kai tsaye, suka ce a koma tambayar pkg-config, wato wani magatakarda guda da yake riƙe da bayanin kowace madogara. To, na tambayi magatakarda, sai ya ce mini 23.1.17, alhali a jikin kunshin 2.10.1 aka rubuta. Na zaci na ɓata wani abu. Sai da na yi karatun dare na gane cewa lamba biyu FreeType take da su, ɗaya ta fitowa kasuwa, ɗaya kuma ta lissafin yadda manhajoji suke ƙulluwa da ita, kuma ta biyun ce pkg-config yake faɗa. Na zauna na ƙirƙiri freetype-config na bogi da hannuna, na sa masa lambar gaskiya, 2.10.1, na sake bugawa. Layuka suka gangaro, suka tsaya, sai ga wannan:

"FreeType dinka ya tsufa, malam. Ka nemi sabo."

Mai karatu, ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon layin nan ba. Duk sauran saƙonnin da Turanci suke, na injin ne. Wannan nasa ne. Haka yake cewa "malam" idan yana zolayar mutum, kuma ga shi, mutumin da ya tsani rubutu ba ƙugiya, dole ta sa ya rubuta "dinka", saboda bai amince baƙin allon wani zai iya nuna ɗ ba. Ƙarfe biyun dare ya wuce, na tashi na yi alwala na dawo.

Kuma fa kuskure ya yi. Zubin da yake hannuna na 2019 ne, shi kuwa na 2.2 yake nema, na 2006. Da na bi rubutunsa sai na ga inda ya zame: ya kwatanta lambobin ne harafi-harafi, kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus. Biyu da biyu daidai, ɗigo da ɗigo daidai, sai 1 ta haɗu da 2, shi ke nan 2.10 ta zama ƙanwar 2.2. Bai taɓa kawowa a ransa lambar tsakiya za ta kai goma ba. Ban ga laifinsa sosai ba, don manya ma sun faɗa ramin nan: a 2009 da Opera ta kai zubi na 10, sai da ta riƙa gabatar da kanta a matsayin 9.80, saboda shafuka da yawa harafin farko kawai suke dubawa su ɗauka zubi na 1 ne. Abin da ya ba ni dariya daga baya shi ne, da na bar masa 23.1.17 ɗin nan da ban yarda da ita ba, da ya wuce sumul. Gaskiyar da na faɗa masa ce ta tsayar da ni.

Na gyara kwatancen, configure ya kai ƙarshe, kowane layi e. Na buga make da murna, sai ginin ya rushe a tsakiya, kuma a kan libpng ɗin da aka ce lafiya lau take. A nan ne na fi jin haushi. Tambayar da Yaya ya yi ita ce ko png.h yana nan, kuma yana nan ɗin. Amma daga zubi na 1.5, wanda ya fito a 2011, shekarar da ya rasu, masu libpng sun rufe cikinta, ba a ƙara zura hannu kai tsaye a ɗauko abu sai ta ƙofar da suka tanada. Manhajarsa kuwa zura hannu take yi. A wuri ɗaya ya tambayi lamba ya karanta ta ba daidai ba, a ɗayan ya tambayi suna bai gwada aiki ba. Masu Autoconf sun daɗe suna cewa a gwada abin da ake buƙata da ɗan ƙaramin gini maimakon a tsaya ga lamba, kuma yanzu na yarda da su, ko da yake ban ga yadda mutum a 2006 zai gwada ƙofar da sai bayan shekara biyar za a rufe ta ba. Layi ɗaya ne tak ya hana, wani tsohon ɗalibina ya nuna mini png_jmpbuf, na musanya.

Saura kwana shida biki shafuka suka fito, 212. Babi na 14 a tsakiyar zance ya tsaya, wata mata tana bakin ƙofa da tulu a ka, ba a faɗi wanda ta gani ba. Na kai aka buga, aka ɗinke da bango kore. Na sake kwafe manhajar a sabon faifai tare da gyare-gyarena uku, saƙon nan nasa dai ban taɓa shi ba, ko ƙugiyar ban sa masa ba.

Daren da za a kai ta na miƙa mata. Ta buɗe shafin ƙarshe tukuna, ta karanta, ta ɗago ta ce, "Baffa, wa ta gani?"