Doka A Kan Uwa, 'Ya'ya Ke Ji A Jika

Mu da ke koyon kwamfuta mun fara fahimtar cewa a harkar manhaja ma akwai gado, kuma yana da rigimarsa.

Mai rubuta manhaja yakan ƙirƙiri samfuri, a ce "Ɗalibi", ya ba shi gurabe kamar suna da shekaru. Wani kuma sai ya gina nasa a kai, a ce "Ɗalibin Kwana", wanda zai gaji duk guraben uwar. A harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, kuma da shi aka gina WordPress, an daɗe ana barin gurbin nan sake. Ka zuba lamba ko rubutu, ba mai tambayarka.

A watan Nuwamba na 2019 aka fitar da PHP 7.4, aka ba da damar ɗaura wa gurbi nau'i: gurbin shekaru lamba kaɗai zai karɓa. Mu dai gyaran ya burge mu, don ba wanda zai so ya ga an rubuta "Musa" a wurin makin lissafinsa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Idan mai uwar ya ɗaura wa gurbi nau'i, duk 'yar da ta sake ambaton gurbin dole ta faɗi wannan nau'in daidai. In ba ta faɗa ba, manhajar ta tsaya cak. Wanda ya rubuta 'yar shekaru biyar baya bai yi laifin komai ba, ƙila ma bai san an taɓa uwar ba, amma aikinsa ne zai mutu.

Mu a Tarai mun san irin wannan. Da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, takardun da ke ƙulle a bakin zanen iyayenmu mata ba su canja ba, dokar da ke kansu ce ta canja. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin tare da sababbin.

Masu kula da PHP su ma sun yi irin wannan sassauci. Akwai samfurin da harshen ke sanar da kuskure da shi, kuma ɗimbin masu manhaja sun gina nasu a kansa. An ɗaura wa wasu gurabensa nau'i, amma gurbin saƙo da na lambar kuskure da gangan aka bar su sake, domin su ne aka fi sake ambata. Wasu cikinmu sun kira hakan tsoro. Mafi yawanmu muna ganin lissafi ne: an gwada amfanin dokar da yawan manhajojin da za ta kashe, aka ga ba riba.