Bauci: Tsofaffin Tukwanen Iska Da Yadda Gwanaye Ke Zaɓensu

Baƙon da ya shigo birnin Bauci ta hanyar Jos, kafin ya kai Ƙofar Ran ko Kasuwar Wunti, lalle ba zai rasa ganin walƙiyar masu walda a gefen titi ba. Garin da Malam Yakubu ya kafa ya kewaye shi da ganuwa, wanda kuma ya zama babban birnin jiha a 1976, ya daɗe da sabawa da aikin ƙarfe. Zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, da buɗe masana'antar harhaɗa motoci ta Steyr a ƙarshen shekarun 1970, sun yaye makanikai da masu walda da yawa, su ma suka koyar da yaransu.

To, a rumfunan masu gyaran jikin mota akwai wani abu da mai wucewa ba ya kula da shi, watau doguwar tukunyar ƙarfe mai ɗauke da iskar oksijin. Da yawansu sun girmi yaran da ke mirgina su. Iskar da ke cikin cikakkiyar tukunya kuwa a matse take kamar ninki 150 na iskar da muke shaƙa, ko fiye. In ta fashe, ba mai walda kaɗai za ta ɗauka ba, har da mai shayi da almajirin da ke kusa.

Wannan tukunya 'yar'uwa ce ga wadda masu nutso ke goyawa a baya. A 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙago na'urar da ke ba mutum iska daga irin wannan tukunya a ƙarƙashin ruwa. Tasu iska ce ta yau da kullum aka matse, ba oksijin zalla ba. A Amurka har yanzu masu nutso na neman tukwanen ƙarfe da aka ƙera tun shekarun 1960, domin nauyinsu cikin ruwa yana rage wa mutum ɗaurin dalma. Darasinsu shi ne, tsufa ba ya kashe ƙarfe, tsatsa ce ke kashe shi.

Saboda haka mai saye ya fara duba kafaɗar tukunya. A nan maƙera ke buga lambarta, da watan da shekarar da aka ƙera ta, da iyakar matsin da za ta iya ɗauka, da ranakun da aka sake gwada ta. Wadda aka goge rubutunta, ko aka lafta masa fenti har ba ya karantuwa, a bar wa mai ita kayansa. Gwajin kuwa da ruwa ake yi. Ana cika ta, a matsa fiye da yadda take aiki, a auna yadda ta kumbura da yadda ta koma. An zaɓi ruwa ne don ba ya matsuwa kamar iska, ko ta tsage ba za ta tarwatse ba. A Amurka doka ta ce a yi wa tukunyar nutso wannan gwaji duk shekara 5.

Sa'an nan sai a duba gindinta, inda laima ke taruwa, musamman a garin da ake ajiye tukwane a ƙasa duk damina. Tsatsa sama-sama ba ta da lahani ainun, amma ramuka masu zurfi, ko lotsawa, ko alamar gobara, ko tabon walda a jikinta, duk hukuncinsu ɗaya, ta gama aiki. Tsofaffin gwanaye kan ƙwanƙwasa wadda ba iska a ciki da ƙaramar guduma. Lafiyayya tana amo kamar ƙararrawa, mai tsatsa a ciki kuwa muryarta a dushe take. Amma kunne ba ya maye gurbin ido, sai masani ya cire kan ya haska fitila a ciki.

Bugu da ƙari, kada mai ko giris ya taɓa kan tukunyar oksijin, domin haɗuwarsu na iya tayar da wuta nan take. Kada kuma a zuba wata iska a tukunyar da ba don ita aka ƙera ta ba, ko da dillali ya rantse.

Wannan ilimi bai tsaya a rumfar walda ba. Asibitocin garin suna dogara da irin waɗannan tukwane, gidaje sun cika da na girki, ga kuma Madatsar Ruwa ta Gubi da ke shayar da birnin, inda ranar da aka buƙaci mai nutso ransa zai rataya ga abin da ya goya. Mai neman sauƙin kuɗi a kasuwar gwanjo ya tuna cewa araha ba ta ado. Ya karanta kafaɗa, ya duba gindi, ya nemi shaidar gwaji, sa'an nan ya taya. Allah Ya kiyashe mu.