Hanyar Gwanja Ta Kai Har Amurka

Tarihin Amurka ba darasi ba ne mai zaman kansa a makarantunmu na sakandare. Ta ƙofa biyu yake shigowa aji: in an zo kan cinikin bayi na Tekun Atlantika, da kuma in an zo bayanin tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko wanda Nijeriya ta ara a kundin tsarin mulkin 1979. Da na fara koyarwa a yankin Bagudo, inda ɗalibaina suka haɗa da 'ya'yan Kurgu da na ƙauyukan da ke jingine da iyakar Benin, sai na bi hanyar da na ga ta fi sauƙi. Na tsinto manyan abubuwan da suka faru na jera su a allo. Kolumbus ya sauka a 1492. An zubar da ganyen shayi a tashar jiragen ruwa ta Boston a 1773. An yi shelar 'yancin kai ranar 4 ga Yuli 1776. An gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Martin Luther King ya yi jawabinsa a Washington a 1963. Yara suka haddace, don wanda ya tashi a makarantar allo ba a koya masa hadda. Suna cin jarrabawa, ni kuwa ina ganin na sauke nauyi.

Wannan jerin shekaru shi ya share wa kuskurena hanya. Wata rana muna kan cinikin bayi, wata ɗaliba wadda kakanninta ke ƙetaren iyaka wajen Segbana ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, waɗannan bayin da aka kai can, akwai mutanenmu a cikinsu?" Na ce mata babu. Na ce wannan masifa mutanen bakin teku ta faɗa wa, mu na nan Arewa in an sayar da mutum ta Sahara ake bi da shi. Na faɗa ko ɗar ban ji ba. Ta rubuta, sauran suka rubuta. Daga nan amsar ta shiga takardar shirin darasina, na riƙa maimaita ta ga azuzuwan da suka biyo baya, ko ba wanda ya tambaya.

Abin da na gaya musu ba gaskiya ba ne. Na gane haka ne da wani abokina mai karatun tarihi a Sakkwato ya ara mini littafin rayuwar Mahommah Gardo Baquaqua, bugun da Robin Law da Paul Lovejoy suka tace suka fitar a 2001. Asalin littafin a birnin Detroit aka buga shi a 1854. Mai labarin ɗan Zugu ne, garin da taswirar Benin ke rubutawa Djougou. Mahaifinsa Musulmi ne ɗan kasuwa daga ƙasar Bargu, mahaifiyarsa kuma asalinta Katsina. Masana sun gano cewa yawancin kalmomin garinsu da ya kawo a littafin na Dandanci ne, harshen da wasu daga cikin ɗalibaina ke yi da iyayensu a gida. A daren da na karanta wannan ban iya ci gaba da littafin ba, sai tuna fuskokin waɗanda na koyar nake yi.

An yaudari Baquaqua aka kama shi yana saurayi, aka gangara da shi kudu ta ƙasar Dahomey har gaɓar teku wajen Wida, aka sa shi a jirgin bayi a wajajen 1845. A Pernambuco ta ƙasar Burazil aka sauke shi, wani mai gidan burodi ya saye shi, ya sha azabar da har ya nemi halaka kansa. Aka sake sayar da shi ga wani matuƙin jirgin ruwa a Rio de Janeiro. A watan Yunin 1847 jirgin, mai suna Lembrança, ya isa Niyok ɗauke da kofi. Jihar Niyok ta gama soke bauta tun 1827, saboda haka masu yaƙi da bauta suka kai ƙara kotu a madadinsa. Alƙali ya ɗauke shi a matsayin ma'aikacin jirgi, ya ce a mayar da shi hannun ubangidansa. Ana cikin shari'a ya sulale daga kurkuku, aka bi da shi Boston, daga can sai Haiti. A Haiti ya zauna da 'yan mishan, ya karɓi addinin Kirista a 1848. Ya koma Amurka ya yi karatu a wata kwaleji da ke McGrawville daga 1850 zuwa 1853, ya ƙetara Kanada, sannan ya tafi Liverpool a 1855 yana neman hanyar komawa gida.

Ba a nesa da mu labarin nan ya faro ba. Tun kafin zuwan Turawa fataken Kano da Katsina da Sakkwato ke tafiya Gwanja sayen goro, kuma hanyarsu ta nan ta bi. Ayari kan ƙetare Kwara a mashigai irin su Illo da Gaya da Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu ta Kandi ko ta Nikki da Parakou, ya ya da zango a Zugu, sannan madugu ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Suna kai kanwa da tufafin rini da jemammun fatu da dabbobi, su komo da goro. Wannan hanyar ce ta kai dangin wata Bakatsiniya har Zugu. A kanta kuma ake kora bayi, wasu a sayar a Salaga, wasu a karkata da su kudu zuwa jiragen Turawa. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun ƙara yawan kamammu daga ƙasar Hausa da Nupe da Barno da suka faɗa wannan kasuwa. A Bahia ta Burazil, bayi Hausawa ne suka ƙulla tawayen 1807, kuma suna cikin waɗanda suka tashi tare da Yarabawa Musulmi a watan azumi na 1835.

Akwai ɗan abin da zan iya fakewa da shi, amma ba zan fake ba. Gaskiya ne cewa cikin mutum kusan miliyan 12.5 da aka loda a jiragen bayi, waɗanda aka kai kai-tsaye ƙasar da ta zama Amurka ba su kai dubu 400 ba, Burazil kuwa ta karɓi kusan miliyan 5, kuma can aka fi kai mutanen cikin ƙasa irin namu. Sai dai yarinyar nan ba ƙididdiga ta tambaye ni ba. Ta tambaya ko akwai namu, amsar kuwa ita ce akwai. Hatta Saharar da na ambata ba ta fitar da ni ba. Muhammad Ali ben Said, wanda aka fi sani da Nicholas Said, ɗan Kukawa ne ta Barno. An kama shi yana yaro aka ratsa Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha da Turai, ya isa Amurka, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863 ya yi aikin soja a ɓangaren da ya kawo ƙarshen bauta. Bayan yaƙi ya koyar a makarantun kudancin ƙasar, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1873. Na yi ta rubuta "1861 zuwa 1865" a allo ban san akwai Babarbare a cikin sojojin ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa na amsa da irin wannan ƙarfin gwiwa kan abin da ban bincika ba. Rashin sani yana ciki, amma malami yana iya cewa "bari in duba in gaya miki gobe," kuma ba abin da zai ragu a mutuncinsa. Abin da ya fi nauyi shi ne amsar ta yi mini daɗi. Ta wanke mu ta fuska biyu: ba a sayar da mu ga Turawa ba, mu ma ba mu sayar musu da kowa ba. Tsarin da na zaɓa kuma ya taimaka mata ta zauna. Muddin tarihin Amurka jerin shekaru ne na wasu fararen fata da wasu baƙaƙe a wata duniya can, ba abin da zai tilasta mini in tambayi daga wane gari, ta wace hanya, a hannun wa. Shekara a allo ba ta da uwa, ba ta da garinsu.

Na tsaya gaban aji na gaya musu cewa abin da na koya wa yayyensu kuskure ne, na sa duk mai tsohon littafin rubutu a gida ya nemo shafin ya gyara. Wasu daga cikin waɗanda suka gama sun zama malamai, kuma wannan ne ya fi damuna, don ƙarya in ta shiga littafin malami takan haihu. Duk wanda na gamu da shi a kasuwa ko wurin ɗaurin aure nakan ja shi gefe in gaya masa.

Ban zubar da shekarun ba, don jarrabawa na neman su, kuma abubuwan sun faru. Abin da na sauya shi ne kowace shekara sai na nemo mata mutum da hanyar da ta haɗa ta da mu. Darasin da ya fi kama yaran nan shi ne na dokar 1850, wadda ta tilasta wa jihohin arewacin Amurka su kama bawan da ya gudo su mayar wa ubangidansa. Daga wannan shekara tsira ta koma sai an ƙetara Kanada, inda dokar Ingila ta soke bauta tun 1834. Mutum yana wannan gaɓa ta kogin Detroit ana iya farautarsa a matsayin dukiyar wani, ya haye waccan gaɓa ya zama ɗa. Ɗalibin cikin birni sai an yi ta yi masa bayani kafin ya gane yadda layi a ƙasa ke sauya hukunci. Ɗan Kurgu ya sani tun yana ƙarami. Ya san in ka wuce Tsamiya ko Lolo kuɗi ya koma sefa, harshen makaranta ya koma Faransanci, kakin jami'i ya sauya, alhali gwaggonsa ce a can. Ya ga yadda rufe iyaka a Agustan 2019 ya raba kasuwanni da dangi. Daga nan nakan shigar da yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898, wadda ta tsaga Bargu gida biyu, Nikki da Kandi suka faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. A zamanin Baquaqua babu wannan layi, shi ya sa ba na yarda wani ɗalibi ya ce ai shi ɗan Benin ne, ba namu ba.

Akwai wuraren da darasin ke yin zafi. In na zo kan sauya addininsa, fuskokin wasu kan canza, wani ma ya taɓa cewa, "Malam, da ka tsallake wannan wurin." Ba na tsallakewa. Nakan ce su dubi saurayin da aka raba da uwa da harshe da masallacin garinsu, su dubi waɗanda suka ba shi masauki a lokacin da ba shi da kowa, sannan su tuna su wa suka fara sayar da shi. Wuri na biyu ya fi wannan wuya. Amurka ta soke bauta da gyara na 13 ga tsarin mulkinta a 1865, lokacin da bayinta suka kusa miliyan 4. Burazil ta bi a 1888. A Arewacin Nijeriya, shelar Lugard ta 1901 ta hana cinikin bayi ta kuma 'yanta waɗanda za a haifa daga wannan shekara, amma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya. Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa bayin Daular Usmaniyya ta Sakkwato a ƙarshen ƙarni na 19 sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. A kan benci ɗaya ana iya samun jikan wanda ya mallaka da jikan wanda aka mallaka, kuma kowa ya san irin ciwon da gorin asali ke yi a ƙasarmu. Saboda haka tun kafin a fara nakan kafa sharaɗi: ba a tonon asalin kowa a ajina, ba a ambaton sunan gidan kowa, wanda ya yi wa wani gori ya fita. Da wannan sharaɗi ne nake tura su wurin tsofaffi su tambayo labarin hanyar Gwanja, inda ayari ke ƙetare ruwa da inda yake kwana, ba labarin wane ne bawan wane ba.

Shekarar da nake gyara darasinta yanzu ita ce 1963. Da can jawabin Washington kawai nake ambata in wuce. A zangon karatu mai zuwa zan fara ne daga Legas, inda Martin Luther King ya halarci rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar a watan Nuwamban 1960. Daga nan in kai su Yulin 1961, lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gana da Shugaba Kennedy ya kuma yi jawabi a majalisar dokokin Amurka. A wannan shekarar ce aka ƙi sayar wa jakadan Chadi, Adam Malick Sow, kofi a wani gidan abinci da ke kan hanyar Niyok zuwa Washington saboda launin fatarsa, abin da ya sa gwamnatin Kennedy ta matsa wa jihar Maryland lamba ta hana wariya a irin waɗannan wurare. Zan sa ɗalibai su jera abubuwan nan uku da kansu, su faɗi abin da suke ganin 'yancin kan ƙasashen Afirka ya ƙara wa gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, kafin in rubuta 1963 a allo.