Rumbun da ba a kulle ba

Shekaru da dama na yi ina gyaran takardun jarrabawar Hausa da biro. Sakatare zai buga, ni kuma in bi kowace takarda ina sa wa k da d da b ƙugiya, don kada yaro ya karanta "baki" a inda aka nufi "baƙi", ko "kafa" a gurbin "ƙafa". Tun 1999 hukumar ƙasarmu ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, amma na'urorinmu sun daɗe ba su ji labari ba.

A 2024 aka ba makarantarmu tsofaffin na'urori masu ƙwaƙwalwa. Wani matashin malamin lissafi ya zuba musu tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya assasa a 1993, masu aikin sa kai kuma suke raya shi kyauta. Da na tambaye shi inda zan samu haruffa masu kyan bugu, sai ya ce: "Mushe, buɗe Synaptic ka nema da kanka."

Synaptic ƙofa ce ta shiga wani babban rumbu. Kowace manhaja an ƙunshe ta cikin ƙunshi, da sunanta da bayaninta, kuma ƙunshin da ke cikin Debian na 2023 sun haura 60,000. Na rubuta Charis, na danna, sai ga haruffan da ƙungiyar SIL ta zana domin harsuna irin namu. Cikin ƴan mintuna ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suka jeru a allo tsaf, har da alamomin karin sauti. Na daɗe ina kallonsu kamar ƴan'uwan da suka dawo daga doguwar tafiya.

Abin da ya fara burge ni shi ne ladabin wannan ma'aji. In ka zaɓi manhaja, sai ya sanar da kai cewa ba ta tafiya ita kaɗai: tana da ƴan rakiya, ga sunayensu, ga nauyinsu, ka yarda? Ba ya shigo da kowa gidanka sai da izininka. Haka kuma yana duba hatimin rumbun kafin ya karɓi kaya. Duk wanda ya taɓa asarar darussan shekara guda saboda cutar da ya kwaso a kile USB ya san darajar wannan.

To, amma zuma ba ta rasa harbi. Waɗanda suka ƙera shi kamar sun ɗauka intanet da wutar lantarki ba sa yankewa. Ran nan ina tsakiyar girka wata manhaja aka ɗauke wuta. Da ta dawo, ma'ajin ya ƙi motsi, yana cewa akwai aikin da aka bari rabi. Sai da abokin aikina ya rubuta wani umarni a baƙin allo kafin ya huce. Daga baya na gano wata dabara da ke ɓoye a cikinsa: yana iya rubuta maka jerin abin da kake bukata, ka je inda intanet ke da ƙarfi ka sauko da su, ka dawo ka girka. A ƙasa irin tamu, wannan dabara ta cancanci bakin ƙofa, ba ƙuryar ɗaki ba.

Kuka na biyu ya fi ci mini rai. Samun haruffa daban, buga su daban. Tsarin madannai na Hausa da na tarar na Nijeriya da na Gana ne, an ɗora su kan jerin Ingilishi, alhali yatsunmu sun saba da AZERTY. Kuma duk bayanin da ma'ajin ya yi mini, da Faransanci ko Ingilishi ya yi shi.

Da farko na yi fushi. Da na yi tunani sai na ga rumbu ba ya ba ka sai abin da wani ya zuba. Haruffan da na yi murna da su, wasu ne suka zauna suka zana, suka ajiye don wanda ba su taɓa gani ba. Mu da muka fara koyar da yara da Hausa tun 1973 a Damagaram, me muka zuba? Jerin kalmomi domin gyaran rubutu, fassarar bayanai, madannai da suka dace da hannunmu: duk aiki ne da malamai da ƙungiyoyinmu na al'adu za su iya somawa, in sun haɗa kai da matasa masu sanin na'ura.

Bana na raba takardun jarrabawa ban taɓa biro ba. Na kuma buɗe sabon littafi, ni da ɗalibaina muna tara kalmomi, ɗari kowane mako. Allah ya sa mu ma mu kai namu damin.