Hannun da ke Miƙa Ruwa

A tarbiyyar da aka yi wa yawancinmu, babban mutum ba ya gudu sai da dalili. Yaro ne ke gudu idan an aike shi, ɓarawo idan an biyo shi, sai kuwa matafiyin da ke tsoron kada mota ta tashi ta bar shi. Shi ya sa Bahaushe ya ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Saboda haka duk wanda ya ga magidanci mai iyali yana sassarfa a bakin titi da sanyin asuba, ba kowa a bayansa, ba zai rasa abin da zai raya a zuciyarsa ba. Ni ina cikin irin waɗannan magidanta. Shekara biyu ke nan ina shirin shiga wata doguwar gasa, kuma a wannan 'yar maƙala ina son in bayyana wa mai karatu abin da shirin ya koya mini, da kuma abin da sai da na tsaya a gefen hanya riƙe da kofin ruwa sannan na gan shi.

Ana kiran gasar tirayatalon, ma'ana tsere iri uku a jere ba tare da hutu ba: a fara da ninƙaya, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu. Akwai gajera, akwai doguwa. Wadda ake yi a wasannin Olamfik tun daga na birnin Sidni a 2000 ita ce ninƙayar kilomita 1.5, da tseren keke na kilomita 40, da gudun kilomita 10. Doguwar kuwa, wadda aka fi sani da sunan Ironman, ninƙayar kilomita 3.8 ce, da keken kilomita 180, sannan a rufe da gudun ya-da-ƙanin-wani na kilomita 42.2. Idan aka haɗa ya kama kilomita 226, kusan nisan Kano zuwa Kaduna, kuma a al'adar gasar awa 17 kacal ake ba mutum ya kammala. Wannan doguwar nake shiryawa dominta, kuma wadda na sa wa ido ita ce ta Afirka ta Kudu, da ake yi a garin Gqeberha, wanda kafin 2021 ake kira Port Elizabeth.

Gardama ce ta haifi wannan gasa. A tsibirin Oahu na jihar Hawai ta Amurka, 'yan wasa sun yi ta musu a kan wa ya fi juriya tsakanin mai ninƙaya da mai gudu da mai keke. Sai wani hafsan sojan ruwa mai suna John Collins, shi da matarsa Judy, suka kawo shawarar a haɗa manyan gasanni uku na tsibirin a yi su a rana ɗaya, a ga wanda zai kai labari. Ranar 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka faɗa teku, 12 daga cikinsu suka kai ƙarshe. Gordon Haller ne ya zo na ɗaya, cikin awa 11 da minti 46 da daƙiƙa 58.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni da na tashi a garin da ruwansa ke cikin rijiya, sai da na zo Legas da gemuna sannan na koyi ninƙaya, a tsakiyar yaran da na haife su. Tafkin da nake atisaye a cikinsa tsawonsa mita 50 ne, wato sai na ratsa shi sau 76 kafin in cika nisan da gasar ke buƙata, kuma duk da haka ruwan tafki ba ya kaɗawa kamar na teku. Keke kuwa a Legas sai da dabara. Ranar Asabar da an sallame sallar asuba nake fita, in sa hular kwano, in yi nisa kafin motocin danfo su cika hanya, in yi awa biyar ko shida ina murza feda. Da na sauka kuma sai in kama gudu nan take, domin a saba wa ƙafa, ita da a wannan lokaci takan zama kamar ta aro. A mako guda atisayen yakan ci mini awa 14 zuwa 16, ban da kuɗin taya da faci da takalma.

To, irin wannan horo yana da wata ɗabi'a da ba a cika faɗa ba: yana mayar da hankalin mutum kacokan kan jikinsa. Kullum lissafin nawa na gudu, nawa na ci, awa nawa na yi barci, me ya sa gwiwata ta hagu take ƙara. Littafin da nake rubuta atisayena a ciki, daga bango zuwa bango ba sunan kowa sai nawa, alhali kuwa kowace Asabar da na yi a kan keke, uwargidana ce ta yi ta da yara da cefane. Wata rana ina tsaye a gindin wata gada ina shan iska, wani ɗan garuwa daga cikin mutanenmu ya tsayar da kurarsa kusa da ni, jarka goma a kanta, kowacce lita 25. Da ya ji na amsa sallamarsa da Hausa sai ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Malam, nawa ake biyanku a wannan wahala?" Na ce, "Ai mu ke biya, ɗan'uwa." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Allah mai iko! To, Allah ya ba da sa'a." Ya tura kurarsa ya haye tudun. Shi gajiyarsa tana kai ruwa gidajen mutane. Na daɗe ina tambayar kaina, ni tawa gajiyar gidan wa take kai wa wani abu?

Wannan tambaya ce ta kai ni aikin sa kai a gasannin gudu. Irin waɗannan gasanni sun yawaita a kudancin ƙasar nan. An fara tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo a 2013, aka kuma fara babban gudun birnin Legas a 2016, wanda a wannan shekarar ya tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ya haye Gadar Ɓangaren Tudu ta Uku mai tsawon kilomita 11.8, ya ƙare a Eko Atlantic. Ban da waɗannan akwai ƙanana na kilomita 5 da 10 da 21 da ƙungiyoyin masu gudu da makarantu ke shiryawa, kuma a irinsu na fi yin aiki. Tun ƙarfe huɗu na dare muke hallara, mu sauke tebura da katan-katan na ruwa daga mota, mu jera kofuna cikin hasken tocila, a ba kowa rigarsa da wurin tsayuwarsa.

Mai karatu zai zaci miƙa ruwa ba ya buƙatar koyo. Yana buƙata kuwa. Rabin kofi ake zubawa, domin cikakke zubewa yake yi a jikin mai gudu. Ana riƙe shi ta baki da 'yan yatsu, a miƙe hannu, a ɗan bi mai gudun da shi yadda zai fizga ba tare da ya rage sauri ba. Wani yana miƙawa, wani yana cikawa, wani kuma yana share kofunan da aka yar, kada santsi ya ka da na baya. A dogon gudu, ƙa'ida ita ce a samu ruwa a kusan kowane kilomita 5, kuma a zafin Legas mutum yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya. Amma an kuma koya mana cewa yawan ɗirkar ruwa zalla yana tsinka gishirin jini har ya jawo haɗari, saboda haka ba a tilasta wa kowa sha. Haka nan an koya mana lura da wanda ya fara tangaɗi ko maganarsa ta fara sarƙewa: a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi, a kira ma'aikatan lafiya ba tare da jinkiri ba.

Wanda ke cikin tsere ƙeyar na gabansa kawai yake gani. Mai tsayuwa a tebur shi ke ganin gasar tun daga kanta har wutsiyarta. Na gaba sukan wuce kamar walƙiya, ko kallonka ba sa yi. Na tsakiya sukan zo a dunƙule, hannuwa ashirin a kan kofi biyar. Sai can rana ta take, 'yan kallo sun watse, motoci sun fara matsa ƙaho a buɗe musu hanya, sannan na ƙarshe suke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kuma su ne suka fi kowa buƙatarmu. A wata ƙaramar gasa ruwan teburinmu ya ƙare alhali da sauran mutane a baya. Wata mata mai sayar da ruwan leda a bakin titi ta ga halin da muke ciki, ta kinkimo jaka biyu ta dire a gabanmu, ta ce a yi maganar kuɗi daga baya. Cikin waɗanda suka sha ruwanta har da wani dattijo Bayarabe mai furfura, wanda ya iso yana jan ƙafa. Na ce, "Sannu Baba, saura kilomita uku." Ya karɓa da hannu biyu, ya sha, ya ce, "Ɗana, tun daga nesa nake addu'ar Allah ya sa ba ku tashi ba." Ya sa mini albarka, ya ci gaba.

Daga nan na fara duban tawa gasar da wani ido. A dokar Ironman, ɗan wasa ba shi da izinin karɓar ruwa ko abinci daga ɗan'uwa ko aboki a kan hanya. Daga hannun ma'aikatan gasar da 'yan sa kai yake karɓa. Wato duk wanda ya kai ƙarshen kilomita 226, hannuwan baƙin da bai san sunansu ba ne suka shayar da shi tun safe har dare. Tarihin gasar ma ya nuna haka tun ranar farko. A 1978 kowane ɗan wasa da nasa masu rakiya yake zuwa. John Dunbar ya shiga gaba a wurin gudu, nasara tana hannunsa, sai ruwan masu rakiyarsa ya ƙare, suka koma ba shi giya. Haller ya wuce shi, Dunbar ya ƙare a na biyu. Ƙarfin da ya tara bai gaza ba, gorar ruwa ce ta gaza. Wuya ɗaya ake rataya wa lambar yabo, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin nan yana da tsadarsa. Gasannin gudu galibi ranar Asabar ake yin su, kuma ita ce ranar dogon kekena. Duk Asabar ɗin da na ba tebur, kilomita fiye da ɗari ne suka fita daga littafina, ga shi kuwa ranar tafiya Afirka ta Kudu tana ƙara matsowa. Abokan atisayena sun sha ce mini in bari sai na dawo. Amsar da nake ba su ita ce, ranar da zan shiga teku a Gqeberha, wasu mutane za su bar barcinsu da iyalinsu su tsaya mini a rana har dare, ba su san ni ba, ba kuwa zan taɓa samun hanyar biyan su ba. Bashin da ba a iya mayar wa mai shi, sai a biya shi ga wani. Don haka na tsayar wa kaina Asabar ɗaya a kowane wata, kuma Asabar ɗin da babu gasa, ta gida ce, uwargida ta huta.

Ga 'yan'uwana ɗalibai da malamai kuwa, ba na ce kowa ya sayi keke ko ya faɗa teku ba. Amma idan aka sanar da gasar gudu a makaranta ko a unguwa, aka ce ana neman masu taimako, a daure a ba da suna. Ba a tambayar takardar shaida, ba a buƙatar ƙarfin ƙirji. Abin da ake nema shi ne a zo da wuri, kuma kada a naɗe tebur sai na ƙarshe ya wuce. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa gajiyarmu ta amfani wani.