Araha Ba Ta Ado

Kowane mutumin Kiyako ya san babbar motar kasuwa ta fi ƙaramar mota araha, amma ba ta sauri. To, haka al'amarin ya ke har a sararin sama.

Can arewacin tekun Atilantika akwai tsibirin Aisilan, babban birninsa Rekyabik. Cikin 1953 kamfanin jiragen sama na ƙasar, wato Loftleidir, ya karya kuɗin ƙetare teku tsakanin Turai da Amurka. Jiragensa masu farfela ne, ga nawa, kuma sai sun yada zango a tsibirin. Duk da haka samari da masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa cika su, suka ga ƙasashen da a da sai labari.

Wanda guzurinsa bai taka kara ya karya ba, sai ya cika da haƙuri. Tafiya sannu-sannu, kwana nesa.