Ranar da Baffa ya sauka a "maɗar"

Yawancinmu a wannan makaranta mun fi sanin tasha a kan filin jirgin sama. Mun san garejin Television, mun san Kawo da Mando, mun san yadda ake ja-in-ja da ɗan kamasho, da yadda ake ɗora jaka a cinya don kada a biya kuɗin kaya. Jirgi kuwa sai dai mu ɗaga kai mu gan shi yana wucewa ta saman Barnawa. Amma duk wanda ya taɓa sauka a garin da bai san kowa ba, ya san gaskiyar masu cewa baƙo ko da ido makaho ne. A tasha da sauƙi, domin da baki ake kiran sunan gari, in ka rikice kunnenka zai cece ka. A filin jirgi komai a rubuce yake, kuma da harshen da ba kowa ya iya ba.

Waɗanda suke Kaduna a shekarar 2017 za su tuna makonni shidan da garin nan ya zama ƙofar shiga babban birnin ƙasa. An rufe filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja ranar 8 ga Maris don gyaran titin saukar jirage, aka karkato da jiragen zuwa Kaduna har zuwa 18 ga Afrilu. Hadi Sirika ne ƙaramin ministan sufurin jiragen sama a lokacin. Manyan kamfanonin Turai irin su British Airways da Lufthansa suka ce ba za su zo ba, amma Ethiopian Airlines ya zo tun ranar farko. Shugaba Buhari ma da ya dawo daga jinya a Landan ranar 10 ga Maris, a Kaduna ya sauka, sannan helikwafta ya ƙarasa da shi Abuja. Gwamnati ta tanadi manyan motoci da rakiyar jami'an tsaro don kai fasinjoji Abuja, ga kuma jirgin ƙasa daga Rigasa wanda aka buɗe a 2016.

Ina ajin ƙarshe a sakandare a lokacin, kuma wannan sauyi ya shigo har cikin gidanmu a Kakuri.

Kakana ya zo Kaduna daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, lokacin da masaƙun Kakuri ke ɗibar ma'aikata. Kafin nan, yayansa ya riga ya kama hanyar gabas da niyyar aikin hajji ta ƙasa, kamar yadda dubban Hausawa suka yi: Maiduguri, Chadi, Darfur, har bakin kogin Nilu. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya aikin auduga, ya yi aure, ya zauna kusa da Mai Wurno, garin da ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya jagoranci masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Bai ƙara taka ƙasar Hausa ba har ya rasu. Wasiƙun ajami da alhazai ke kawowa ne suka riƙe zumuncin, daga baya waya ta karɓa. Da jikin Kaka ya fara rauni, abu ɗaya yake maimaitawa, a kira masa ɗan yayansa ya gan shi da idonsa. Wannan ɗa, wanda ya haura shekara hamsin, shi ne Baffana.

Baffa ya sayi tikiti daga Khartum zuwa Abuja ta Addis Ababa. Da aka tabbatar jirgin a Kaduna zai sauka, gida ya ɗauki murna, domin an rage mana tafiyar kusan kilomita 200. Baba ba zai iya barin gefen Kaka ba, don haka aka tura ni tare da maƙwabcinmu, wanda muke ce wa Dattijo saboda dattijo ne a cocinsu. Tun yana saurayi ya koyi aikin injin saƙa a hannun Kaka, kuma har yanzu yana riƙe da tsohuwar fijo 504 ɗinsa, haɗin Kakuri. Da za mu fita na ɗauko kwali zan rubuta sunan Baffa da manyan baƙaƙen boko. Kaka ya miƙo hannu daga kan gado ya ce, "Kawo nan, yaro. Wannan rubutun naku ba zai gane shi ba." Ya karɓi alƙalami, hannu na rawa, ya rubuta sunan da ajami.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, filin jirgin Kaduna ba a cikin gari yake ba. Daga Kakuri ka hau baifas ta yamma, ka haye kogi, ka wuce Bakin Ruwa da Kurmin Mashi har shataletalen Mando, sannan ka karya hagu ka ɗauki hanyar Birnin Gwari, ka wuce Afaka inda sabon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja yake. Daga nan gidaje ke ƙarewa, sai daji da gonaki. Ranar kuwa shingen jami'an tsaro ya fi a ƙirga. Da muka isa, wurin ajiye motoci ya cika da lambobin Abuja, ga zafin Maris ba a cewa komai. Ba a barin masu tarbar baƙi su shiga ciki, sai muka tsaya a inda aka nuna mana, na ɗaga kwalina.

Abin da ya faru a ciki, daga bakin Baffa na ji shi daga baya, ya ba mu labarin ya fi sau goma.

Baƙon da ya sauka daga wata ƙasa ƙofofi huɗu yake ratsawa kafin ya ga rana. Ta farko ita ce ta jami'an lafiya, masu duba katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Baffa ya sa nasa a cikin fasfo tun daga gida, don haka ya wuce lafiya. Ta biyu ita ce ta shige da fice, kuma nan ne ido ya raina fata. An raba wata takarda da za a cike, duk da Turanci: suna, lambar fasfo, dalilin zuwa, adireshin inda za ka sauka. Baffa ya yi karatu, yana karanta jaridar Larabci kamar ruwa, amma wannan takarda ta mayar da shi ɗan aji ɗaya. Wata Hajiya 'yar kasuwa da ta shigo jirgin a Addis Ababa ce ta lura da shi yana juya takardar. Ta ji ya yi ƙorafi da Hausa ƙasa-ƙasa, sai ta ce, "Alhaji, kawo in cike maka." Ita ce kuma ta nuna masa cewa layi biyu ne, kuma nasa na baƙi ne. Ya ce wannan ya ɗan sosa masa rai. A Sudan ana kallonsa a matsayin mutumin yamma, ga shi ya zo yamman an ce ya bi layin baƙi.

Jami'in da ya karɓi fasfonsa ya yi masa tambaya da Turanci, Baffa ya amsa da Hausa. Mutumin ya dubi fasfon Sudan, ya dubi fuskarsa, ya yi dariya ya ce, "Ashe ɗan gida ne. Sannu da zuwa, Baba." Ya duba biza, ya buga hatimi. Ƙofa ta uku ita ce wurin ɗaukar kaya, inda kowa ke zuba wa bel ido kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta huɗu kwastan. Suka buɗe akwatinsa suka tarar da jallabiyoyi, da humra da turaren wuta na matan gida, da wani ƙunshi da ya riƙa kira karkade. Da aka kwance sai ga zoɓo. Wai ya ɗauko zoɓo tun daga Sudan ya kawo wa Hausawa tsaraba! Har jami'an sai da suka dara.

Ya canza dala kaɗan kafin ya fito, don Hajiyar ta gargaɗe shi kada ya canza duka a nan. Da aka miƙo masa kuɗin, ya ce nan ne karon farko tun saukarsa da ya ga rubutun da zai iya karantawa da kansa: a jikin takardar an rubuta naira dubu da ajami.

Babbar rikitar a waje take. Kusan duk wanda ya sauka daga jirgin Abuja za shi, don haka ayarin mutane ya nufi wajen manyan motocin nan. Baffa ya nuna wa wani mutum tsohuwar takardar tikitinsa, mutumin ya ga an rubuta Abuja, cikin kirki ya ɗauki akwatin ya raka shi har bakin mota. Shi kuwa Baffa a zatonsa motar shiga gari ce. Layin wayarsa na Sudan ba ya aiki. Mu muna can wani ɓangare, na ɗaga kwali har hannuna ya gaji, mutane suna ta raguwa. Dattijo bai ce komai ba, amma na ga yana ta goge gumi yana duba agogo. Ni kuwa abin da ke raina shi ne, da wane baki zan koma in gaya wa Kaka?

Allah ya sa Hajiyar nan tana cikin motar. Da ta gan shi ya zauna sai ta ce, "Alhaji, ba Kakuri na rubuta maka a takarda ba? Me kake yi a motar Abuja? Sauka, sauka!" Ta karɓi lambar da ke rubuce a bayan fasfonsa ta kira. Wayar Dattijo ta yi ƙara, ya miƙo mini. Na ji wata murya mai kama da ta Kaka tana cewa, "Ɗana, ga ni cikin maɗar, shanɗata tana cikin arabiyya." Ban fahimci rabin maganar ba. Daga baya na koyi cewa maɗar filin jirgi ne, shanɗa jaka, arabiyya kuma mota. Hajiyar ce ta karɓi wayar ta yi mana kwatance. Na ruga da kwalin a sama. Tun daga nesa wani dogon mutum mai farin rawani ya tsaya cak, ya zuba wa rubutun ido, ya ce, "Wannan hannun irin na babana ne." Ban sami damar yi wa Hajiyar godiya yadda ya kamata ba, motarsu ta riga ta tashi. Da ta tafi da shi, ta gefen unguwarmu za ta bi ta wuce, ba tsayawa, sai Abuja, da mutumin da ba shi da waya, ba shi da Turanci, ba shi da kowa a can.

A hanyar dawowa, da muka doso gada, Baffa ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali. Wai a jirgi wani ya gaya masa kogi ya raba Kaduna biyu, Musulmi a arewa, Kirista a kudu, ya yi hattara. Ban ƙaryata ba, domin rikicin 2000 da na 2002 sun sa mutane da yawa sun sauya unguwa, kowa ya san wannan. Dattijo ya ji, ya dube shi ta madubi ya ce, "Malam, gaskiya aka gaya maka, amma ba a gaya maka duka ba. Ni da baffanka katanga ɗaya muka haɗa shekara talatin." Baffa ya yi shiru, can ya ce a ƙauyensu ma haka ake ba da labarin Najeriya, rabi-rabi.

Haɗuwarsa da Kaka ba ta da surutu. Ya durƙusa a gaban gadon, Kaka ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya kira shi da sunan mahaifinsa. Wata guda ya yi tare da mu. Kaka ya rasu da daminar shekarar.

Abubuwa sun sauya tun daga nan. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kai hari filin jirgin Kaduna, kwana biyu bayan haka aka kai wa jirgin ƙasan Abuja. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, kuma filin jirgin Khartum da Baffa ya taso daga cikinsa yana cikin wuraren farko da aka yi artabu. Ɗaliban Najeriya da ke can sai ta Masar da Port Sudan aka kwaso su. Yanzu saƙon muryar Baffa kan zo ne bayan makonni, in an sami sabis. Duk wanda ya zo, Baba kan tara mu a saurara tare.

Yau ina karanta tsara birane a harabarmu ta Barnawa, muna zana tituna da tashoshi a takarda. A duk zanen da aka ba mu, nakan tambayi kaina ko Baffa zai iya fita daga wannan gini shi kaɗai. Allon kwatance da Hausa, boko da ajami, kusa da na Turanci, ba zai ci kuɗin kirki ba. Haka teburi ɗaya a bakin ƙofa da mutumin da aikinsa kawai ya tambayi baƙo ina za shi, da motar haya mai tsayayyen farashi da za ta kai shi cikin gari. A cikinmu akwai waɗanda gobe za su zana irin waɗannan gine-gine, akwai masu sa kakin kwastan ko na shige da fice, akwai masu zama bayan kanta suna duba tikiti. Kafin goben ta zo, sabon zangon karatu na tafe, kuma za ku ga yara a bakin get da jakar Ghana-must-go, suna juya takardar shiga makaranta a hannu suna kallon alluna. Ku matsa ku tambaye su ina za su.